Haɗurran da Aka Saba da Su a Masana'antun Najeriya

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan uku ne ke mutuwa duk shekara ta dalilin aikin da suke ci da shi. Waɗanda haɗari ke kashewa nan take, kamar faɗowa daga bisa ko inji ya kama mutum, kimanin 330,000 ne. Sauran miliyan 2.6 cututtukan da aiki ya jawo ne ke cin su a hankali, har su ƙarasa a gida ko a gadon asibiti ba tare da an alaƙanta mutuwarsu da masana'antar da suka bari ba. Wannan lissafi ya saɓa wa yadda ake kallon tsaron ma'aikata a yankunan masana'antu irin su Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, ko Kakuri a Kaduna, ko Ikeja da Ikorodu a Legas. A yawancin wuraren, in an ce kamfani yana kiyaye lafiyar ma'aikata, abin da ake nufi shi ne akwai jar tukunyar kashe gobara a rataye a bango, akwai hular kwano, akwai takardar rajista cikin firam a ofishin manaja. Duk waɗannan abubuwa ne da ake iya nuna wa baƙo cikin minti biyar. Abin da ya fi illa yana cikin abubuwan da kowa ke gani kullum har ido ya daina ganinsu. Sabo turken wawa.

Ƙara ita ce ta farko a wannan sahu. Ma'aunin da masana suka yarda da shi shi ne desibel 85 na tsawon awa takwas, kuma shi ne iyakar da ƙa'idojin hukumar kula da muhalli ta ƙasa, NESREA, na 2009 suka sa wa masana'antu. Duk ƙarin desibel uku yana ninka ƙarfin sautin da ke shiga kunne, saboda haka lokacin da ya dace mutum ya zauna a wurin yana raguwa da rabi: awa huɗu a kan 88, awa biyu a kan 91. Ba sai da na'ura ake ganewa ba. Idan mutum biyu suna tsaye da tazarar miƙa hannu amma sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, to, mai yiwuwa an kai iyakar ko an wuce. A ɗakin injinan saƙa, da wurin niƙa robobi, da gefen babban janareto, ma'aikata ma sun daina magana, da hannu suke yi wa juna nuni, suna kuma cin awa goma sha biyu a haka. Ƙananan jijiyoyin cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa. Alamar farko ita ce ƙugi a kunne bayan an tashi aiki, sai mutum ya fara ƙure rediyo, sai iyali su fara cewa ba ya amsa sallama. Kafin ya kai shekara hamsin ana cewa tsufa ne ya kama shi. A gaskiya kuwa a wurin aiki ya bar jinsa, kuma ba wanda ya taɓa auna shi ranar da aka ɗauke shi balle a san nawa ya rasa.

Ƙura ta fi ƙara rikitarwa, domin ta hanya biyu take cutarwa. Ta farko ta huhu ce. Ƙurar auduga da ke tashi a sashen shiɓa da kaɗi na masaƙu tana haddasa wata cuta mai alama ta musamman: ƙirji ya ɗaure, numfashi ya yi wuya a ranar farko da aka koma aiki bayan hutun ƙarshen mako, sannan abin ya lafa a sauran kwanaki. Wannan lafawar ce ke ruɗar mutum ya ɗauka mura ce, har ciwon ya zama na dindindin. Masaƙun Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, sun ɗauki dubban mutane na tsawon gomman shekaru. Yawancinsu sun rufe yanzu, amma huhun da ya shaƙi ƙurar bai rufe littafinsa tare da kamfanin ba. Ƙurar silika ta wuraren fasa dutse da yankan tayil da narka ƙarfe ta fi muni, don tabon da take yi a huhu ba ya warkewa, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ƙwayoyin da ke kai wa can cikin huhu ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, kuma ƙyallen da lebura ke ɗaurawa a hanci ko takunkumin asibiti ba ya tare su. Wata ƙurar ma tana bin ma'aikaci gida a jikin riga da takalmi. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400, ya nuna iyakar abin da ƙurar dalma ke yi wa ƙananan yara. Wanda ke aiki a wurin fasa tsofaffin batura, ya koma gida da kayan aikinsa ya ɗauki ɗansa, hanya ɗaya ya buɗe, ko da ƙanƙanuwa ce.

Hanya ta biyu da ƙura ke cutarwa ita ce fashewa, kuma ita ce mutane suka fi jahilta. Garin fulawa, sukari, ƙaiƙayin shinkafa da dusarta, garin katako, duk suna ci da wuta. Idan suna tashi a iska cikin rufaffen wuri, tartsatsi ɗaya ya isa su tashi gaba ɗaya. A Fabrairun 2008 matatar sukari ta Imperial Sugar da ke jihar Jojiya a Amurka ta yi bindiga, mutum 14 suka mutu. Masu bincike sun gano cewa ƙurar sukari ta taru a cikin rufin ƙarfen da aka yi wa bel ɗin jigilar sukari, kuma mai yiwuwa boris ɗin da ya yi zafi ne ya kunna ta. Fashewar farko ta girgiza ginin, ta kakkaɓo ƙurar da ta shekara a kan ƙarafunan sama da benaye, ita kuma ta kama, aka yi ta jin fashewa bi da bi. Darasin ya shafi Kano kai tsaye, ganin yadda injinan gyaran shinkafa da na niƙa suka yawaita a 'yan shekarun nan. Ana share ƙasa kullum don kunyar baƙi, amma saman bututu da ƙarafunan rufi, inda tsintsiya ba ta kaiwa, can ƙurar ke kwance. Wasu ma da iskar kwamfuresa suke hure ta, wato su tashe ta sama su cika ɗaki da ita.

Akwai kuma haɗarin da ɗauke wuta ya ƙara wa nauyi a Najeriya fiye da ƙasashen da wutarsu ba ta yankewa. Inji yana cikin aiki sai a ɗauke wuta, ya tsaya da kaya a bakinsa. Wuri ya yi tsit. Mai kula da injin ya ga dama ta samu, ya buɗe murfi, ya zura hannu don ciro robar da ta maƙale ko ya gyara zaman bel. Ba wanda ya taɓa makunni, domin a ganin kowa inji a kashe yake. A can bayan gini kuwa wani ya tayar da janareto ya juya layi, ko kuma wutar ta dawo da kanta. Injin yana ci gaba ne daga inda ya tsaya, da hannun mutum a ciki. Maganin wannan ba shi da tsada. Akwai makunnin da ke sakin kansa da zarar wuta ta yanke, ba zai sake tayar da inji ba sai mutum ya danna da hannunsa. Akwai kuma tsarin da ya zama ƙa'ida a masana'antun duniya: duk wanda zai shiga cikin inji ya kashe babban makunni, ya sa masa kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihunsa, ya rataya kati mai sunansa. In su uku ne, kwaɗo uku. Kafin a taɓa komai kuma a danna maɓallin tayarwa a tabbatar ba ya amsawa, a saki iskar da ta rage a bututu, a tokare duk abin da zai iya faɗowa. Masana'antar da ta sayi injin miliyoyi ta kasa sayen kwaɗo ba talauci ne ya hana ta ba.

Kusa da wannan akwai murfin kariya na bel da sarƙa, wanda makaniki kan cire ranar gyara ya jingine a bango ya ce gobe zai mayar, ya shekara a nan. A ƙasar da sutura take da yalwa, hannun riga da gefen mayafi ko hijabi su ne bel ke fara kamawa. Safar hannu ma, wadda ake ɗauka kariya ce, kusa da abin da ke juyawa ita ce ke jan yatsu ciki.

Ramuka da tankuna suna kisa ta wata hanyar. A kamfanonin jimar fata, da duk inda ruwan datti ke kwanciya, laka tana tara wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidirojin salfaid. Ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka ƙasan rami take sauka. In ta yi yawa tana kashe jin wari, sai mai shiga ya ɗauka ta wuce, alhali a lokacin ta fi ƙarfi. Shaƙa kaɗan ta isa ta kayar da ƙato. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina: a tura lebura ya kwashe laka, ya faɗi, ɗan'uwansa ya hango shi ya tsallaka don ceto, shi ma ya faɗi, na uku ya biyo. Zumunci da jarumta su ne ke ninka gawawwaki a irin wannan wuri. Ƙa'idar ita ce a auna iskar kafin shiga, a hura sabuwa ciki, a ɗaura wa mai shiga igiya, a tsayar da mutum a baki wanda aikinsa kawai ya ja shi ko ya kira agaji, kuma a haramta masa shiga ko me ya gani.

Zafi kuwa ba a ma lissafa shi cikin haɗari, ana ɗaukarsa halin ƙasa. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40 a inuwa, to balle ƙarƙashin rufin kwano kusa da injin narka roba ko tukunyar turara shinkafa. Jikin da ke rasa ruwa kullum yana wahalar da ƙoda, kuma kan da ya yi zafi yana kuskure, shi ya sa rauni kan ƙaru a ƙarshen dogon aiki. Idan azumi ya faɗo a bazara, mayar da aiki mai nauyi zuwa safiya ko dare ya fi kowace lacca amfani.

Sai ƙofa. A Maris na 1911 gobara ta kashe ma'aikata 146 a masana'antar ɗinki ta Triangle a birnin New York, yawancinsu 'yan mata, an kuma tarar da ƙofar fita a kulle. Shekara 91 bayan haka, a Satumban 2002, gobara ta tashi cikin dare a wata masana'antar roba a Ikorodu, gomman 'yan aikin dare suka ƙone, rahotanni suka nuna an kulle su ne a ciki. A Yunin 2020 'yan sanda a Kano suka fito da ma'aikata sama da ɗari daga wani kamfanin shinkafa a Challawa, inda aka ce an tsare su watanni a lokacin kullen korona. Hujjar masu kulle ƙofa ba ta canzawa: tsoron sata da tsoron a sulale daga aiki. Inda ba a sa kwaɗo ba, sau da yawa an jibge buhuna a bakin ƙofar baya domin sito ya cika, ko an yi wa tagogi walda da ƙarfe. Mai kamfani yana da haƙƙin tsare dukiyarsa, amma akwai sakata da ke buɗewa daga ciki kaɗai, akwai maigadi, akwai kyamara. Wanda ya zaɓi kwaɗo ya auna kayansa da rayukan ma'aikatansa ne, kayan suka rinjaya.

Abin takaici shi ne doka ta riga ta faɗi yawancin wannan. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta yi wa masana'anta rajista, da killace sassan inji masu haɗari, da samar da iska da haske da ruwan sha da akwatin taimakon gaggawa, da zuƙe ƙura da hayaƙi daga inda suke tasowa, da duba tukwanen tururi da na'urorin ɗaga kaya lokaci-lokaci. Ta hana kulle ƙofa ta yadda na ciki ba zai iya buɗe ta nan take ba muddin akwai ma'aikaci a ciki. Ta ce duk haɗarin da ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku a kai rahotonsa ga sifeto. Najeriya ta amince da yarjejeniyar ILO mai lamba 155 kan tsaro da lafiyar ma'aikata a 1994, ta ƙara da mai lamba 187 a 2022, shekarar da ƙungiyar ta sa wurin aiki mai aminci cikin haƙƙoƙi na asali.

Inda dokar ta gaza shi ne haƙori. Idan saɓa mata ya jawo mutuwa ko rauni, tarar da ta yanke ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba. A 1987 wannan kuɗi ne. Yau bai kai kashi ɗaya cikin goma na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba. Duk akantan da ya kwatanta kuɗin na'urar zuƙe ƙura da wannan tara ya san wanne ya fi araha. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin sabuwar dokar tsaron ma'aikata a 2012, amma bai zama doka ba. Ga shi kuma tsarin mulki ya sa harkar ƙwadago a hannun tarayya, don haka sifetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne ke da alhakin zagaya masana'antu, kuma 'yan ƙalilan ne in aka kwatanta da girman ƙasar. Sifeton da ba shi da mota ko na'urar auna ƙara da ƙura, abin da zai iya dubawa shi ne takardu da abin da ke rataye a bango. Jihar Legas ta kafa hukumarta ta kiyaye haɗurra a 2011 don cike giɓin. Jihohin Arewa masu masana'antu suna da dalilin duba wannan misali. Ƙananan wurare kuwa, masu yin takalma da sholisho a rufaffen ɗaki, masu fenti da tinna, masu narka tukwanen alminiyam, ba su ma cikin lissafin kowa, alhali a nan yara masu koyon sana'a suka fi yawa.

Takardar shaida ita kaɗai ba ta tsare kowa. A Satumban 2012 gobara ta kashe mutum sama da 250 a masana'antar tufafi ta Ali Enterprises a Karachi ta Pakistan, makonni kaɗan bayan an ba ta shaidar cika ƙa'idar duniya ta SA8000. Tagoginta da ƙarfe, hanyoyin fitarta a toshe. Binciken da aka sanar da ranarsa tun kafin a zo yana auna iya shirin manaja ne kawai. A ranar ake raba sababbin huluna, a ja buhuna daga bakin ƙofa, a mayar da murfin bel, baƙi suna juya baya komai ya koma yadda yake. Binciken da ke da ma'ana shi ne na ba-zata, da ƙarfe biyun dare, wanda ake keɓe lebura a tambaye shi ba a gaban ubangidansa ba.

Haka nan fifita kayan kariya na jiki kuskure ne na tsari. Masana harkar sun jera matakai: a kawar da haɗarin gaba ɗaya in zai yiwu, in bai yiwu ba a sauya abu mai cutarwa da wanda bai kai shi ba, sannan a killace shi da gini ko na'ura, sannan a gyara tsarin aiki da tsawon lokacinsa. Hula da takunkumi da abin toshe kunne su ne na ƙarshe, domin su ne suka dogara da cewa mutum mai gajiya, cikin zafi, ba zai taɓa cire su ba. Kamfanoni sun fi son farawa da na ƙarshen saboda araha, kuma saboda yana mayar da laifi kan ma'aikaci: an ba shi, shi ne bai sa ba. Gina wa janareto ɗaki nesa da ma'aikata yana kare kunnuwa ɗari a lokaci guda, har da na wanda ya manta abin toshe kunnensa a gida.

Duk wannan yana tafiya ne a kan shirun ma'aikata. Da yawa daga cikin leburorin masana'antu na wucin-gadi ne, ta hannun ɗan kwangila aka kawo su, ba takardar ɗauka, kullum ko duk mako ake sallamarsu. Wanda ya yi ƙorafi ya san akwai goma a bakin get suna jiran gurbinsa. In inji ya cire masa yatsa, a kai shi kemis ko ƙaramin asibiti, a biya kuɗin ɗinki, a ba shi ɗan abin sayen sabulu, dangi su ce ƙaddara ce a yi haƙuri. Yarda da ƙaddara ba ta ɗauke alhakin wanda ya cire murfin inji, kuma malamai ba su taɓa raba tawakkali da riƙo da sababi ba. Amma da yake ba a rubuta raunin a ko'ina ba, littafin kamfani zai nuna shekara ta wuce lafiya, ma'aikatar gwamnati ta tattara alƙaluma masu kyau, injin kuma ya jira na gaba.

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta fi yadda yawancin leburori suka sani faɗi. Ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, ta kuma hana a cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da na wucin-gadi da mai koyon aiki da wanda aka ɗauka da baki kawai. Ba sai an tabbatar da laifin kamfani ake biya ba. Ta shafi rauni a wurin aiki da na kan hanyar zuwa ko dawowa, da cututtukan sana'a, har da raunin ji. Sai dai tana da wa'adi: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani ya sanar da hukumar cikin kwana bakwai, a shigar da neman diyya cikin shekara guda, sai in akwai uzuri na musamman. Ga wanda ya rasa hannu, hujja a bayyane take. Ga wanda ya rasa ji ko numfashi, sai an nuna yadda yake kafin ya fara aikin da irin abin da ya shekara yana shaƙa. Saboda haka gwajin kunne da na huhu ranar ɗauka, da maimaita shi duk shekara, da ba wa ma'aikaci kwafin sakamakon ya ajiye a gidansa, shi ne abin da ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su sa a teburin ciniki tare da batun albashi, kuma shi ne abin da sifeto ya kamata ya fara tambaya kafin ya kalli firam ɗin da ke ofishin manaja.